Tsutsar da Ta Zo Cikin Dutse

Shekara ashirin ko talatin baya, duk wanda ya ƙudura kafa tankin murjani a falonsa, a Ingila yake ko Jamus ko Amurka, kuɗinsa na farko a kan dutse suke ƙarewa. Tsohon ƙashin murjani ne da ya mutu ya kakkarye a gaɓar tsibiran Fiji da Tonga da Indonesiya. Masu nutso su tsamo shi, a naɗe shi da jiƙaƙƙiyar jarida, a rufe cikin akwati, a ɗora wa jirgin sama. A kanti kilo-kilo ake auna shi, da tsada kuwa. Rayayyen dutse suke ce masa, domin kowane rami da ke jikinsa da mai shi a ciki.

Murjanin da nake nufi ba jan nan da mata ke ɗaurawa a wuya ba ne, wancan daga Bahar Rum aka fi samo shi. Wannan ɗan'uwansa ne na ruwa mai ɗumi, 'yan mitsi-mitsin dabbobi masu gina wa kansu gida da sinadarin alli, gida a kan gida, har su tayar da tuddai a ƙarƙashin teku, irin waɗanda suka shimfiɗu a Bahar Maliya ta wajen Jidda da Port Sudan. An daɗe ana ganin raya su cikin gilashi a ɗaki ba abu ne mai yiwuwa ba. A 1961 wani mutumin Jakarta mai suna Lee Chin Eng ya rubuta yadda yake riƙe halittun teku ba tare da tarkacen na'urori ba: ruwan teku, hasken rana, 'yar iska da ake hurawa, sai duwatsun da ya ɗebo da duk abin da ke manne a jikinsu. Da yawa sun gwada a ƙasashen sanyi bai yi musu ba. Sai a shekarun 1970 da 1980 Peter Wilkens da masu kiwo na birnin Berlin suka haɗa wannan dutse da fitila mai ƙarfi da na'urar da ke kwashe dauɗar ruwa ta hanyar kumfa, murjani ya fara girma a tanki har ana yanka ana rabawa. Dutsen shi ne ginshiƙin tsarin. Bakteriyar da ke zaune a ramukansa ita ke narkar da kashin kifi, ta mai da gubarsa abin da ba ya cutarwa.

Sai dai ba bakteriya kaɗai ke biyo shi ba. Wanda bai taɓa zama gaban sabon tanki da tsakar dare ba, da wuya ya gane abin da ya sa mutane suka kamu da son dutsen nan. Za ka kashe fitilu, ka jira kamar awa biyu, ka ɗauko tocila da ka rufe bakinta da jar leda, saboda jan haske ba ya firgita yawancin halittun. Dutsen da ka wuni kana kallo shiru sai ka tarar ya cika da motsi. Ƙananan jatan lande da ba su kai ƙwayar shinkafa ba suna ta kai-komo a kan yashi. Siraran hannuwan tauraron teku sun leƙo daga rami suna lalube. Ƙaguwa ta fito tana tsinkar gansakuka da hannu biyu tana kaiwa baki. Can daga ƙarƙashi wata tsutsa ruwan hoda mai fararen gashi gefe da gefe ta miƙo rabin jikinta, ta shinshina yashi, ta tsinci ɓarɓashin abinci, ta ja da baya. Wata uku, wata shida, kullum da baƙon da za ka gani, kuma ko ɗaya ba kai ka saye shi ba.

Tsutsar nan mai farin gashi ita ta fara shan baƙin jini. Littattafan kiwo na wancan zamani kusan bakinsu ɗaya a kanta: ka gan ta, ka kashe. Hujjar kuwa ido ne ya ba da ita. Mutum ya tashi da safe ya tarar kifinsa ya mutu, tsutsotsi sun yi masa rubdugu, nan take ya yanke hukuncin su suka kashe shi. Ga kuma gashin, wanda da ya taɓa yatsa yake karyewa cikin fata ya bar mutum da zogi da ƙaiƙayi. Aka yi ta sayar da tarkuna, aka yi ta zuba kifaye da ƙaguwa masu cin tsutsa, alhali ɓarnar wasunsu ta fi ta tsutsar. Sai wajen ƙarshen shekarun 1990 masana irin su Ronald Shimek, Ba'amurke mai nazarin halittun teku marasa ƙashin baya, suka yi ta nanata wa masu kiwo cewa yawancin tsutsotsin nan, irin su Eurythoe complanata, mushe suke ci. Kifin ya riga ya mutu kafin su iso, kuma da ba su cinye shi cikin dare ba, da ruɓarsa ta ɓata ruwan. Yawansu ma shaida ce ta mai tanki yana zuba abinci fiye da kima. Ya rage hannu su ragu. An ɗauki shekaru kafin maganar ta shiga kunne. A ganina wannan ne gyara mafi amfani da aka yi a harkar nan, domin shi ya koya wa mutane su tsaya su tambaya wace iri ce kafin su ɗauki hantsaki.

Tambayar tana da muhimmanci saboda akwai mugaye na gaske. Akwai Hermodice carunculata ta ruwan Karibiyan da Bahar Rum, wadda ake wa laƙabi da tsutsar wuta. Ita takan hau reshen murjani, ta zura tsininsa cikin bakinta, ta tsotse naman ta bar farin ƙashi. Ana gane ta da wani jan tudu mai ninki-ninki a bayan kanta, kuma sauƙinta guda, ba ta cika ɓuya ba, safar hannu da hantsaki sun ishe ta. Akwai Oenone fulgida, doguwa siririya ruwan lemo, mai bin dodon koɗi da kawa da dare ta lulluɓe su da yauƙi ta cinye. Ita sau da yawa ba a ganinta, ɓawon wofi da dunƙulen yauƙi a bakinsa ake tararwa da safe.

Amma wadda ta tsorata kowa, wadda labarinta ya fita daga cikin masu kiwo ya shiga jaridu, ita ce Eunice aphroditois, da Turawa ke kira Bobbit. Tun 1788 masanin nan Peter Simon Pallas ya bayyana ta. Siffarta kamar ta shanshani, sai dai shanshanin da zai iya fin mutum tsawo: gaɓoɓi ɗaruruwa, kowace da ƙafafunta, fatar tana walƙiya da launin bakan gizo in haske ya dake ta. A watan Janairun 2009 an zaro wata daga cikin wani abin shawagi a tashar masunta ta Seto da ke Shirahama a Japan, tsawonta santimita 299, nauyinta giram 433, gaɓoɓinta 673. A teku takan binne jikinta duka cikin yashi, ta bar kai kawai a bakin rami, zaruruwa biyar na kanta a miƙe suna sauraron motsin ruwa, muƙamuƙanta a wangale sun fi jikinta faɗi. Kifi ya gitta, kafin ƙiftawar ido ta cafke shi ta ja cikin rami, wani lokaci ƙarfin cizon ya raba shi biyu. Kifayen da suka tashi tare da ita sun san ta. A mashigin ruwan Lembeh na Indonesiya masu bincike sun ga wasu ƙananan kifaye, Scolopsis affinis, suna taruwa a kan raminta suna fesa mata ruwa da baki har ta nutse, kowa ya san inda take. Wannan a fili ke nan, inda akwai wurin gudu. A tankin da bai wuce mita ɗaya da rabi ba, kifin da ya shiga kogon dutse don barci ya kwana ne a ƙofar gidanta.

Tana zuwa ne ƙarama, siririya, can cikin dutse inda ido ba ya kaiwa, kuma takan yi shekaru tana girma ba wanda ya sani. Alamunta a hankali suke taruwa. Yau an rasa ƙaramin kifi, ba gawa ba ƙashi. Bayan wata biyu wani ya wayi gari da yagaggen wutsiya. Gutsuren murjanin da ka manna a sama jiya sai ka gan shi a ƙasa, an ja shi bakin wani rami an liƙe da tsakuwa. Murjani mai laushi kuma a same shi a datse kamar an sa almakashi. Mai tanki ya zargi ruwa, ya auna gishiri, ya auna zafi, ya zargi ƙaguwa, ya fitar da kifin da bai ji ba bai gani ba. Gaskiya ne cewa da yawa daga cikin waɗanda ake samu a tankuna ba ita katuwar ba ce, danginta ne, kuma wasunsu gansakuka da ragowar abinci suka fi ci. To amma wanda ya hango kai mai zaruruwa biyar na daƙiƙa ɗaya a hasken jar tocila, ta yaya zai tantance?

Ko ƙwararru ta ba su wuya. A watan Maris na 2009 ma'aikatan gidan kifi na Blue Reef da ke Newquay, a yankin Cornwall na Ingila, suka bayyana cewa sun yi watanni suna ganin murjani a yanke da kifaye da rauni a wani tankinsu. Sun kafa tarko an wargaza, sun sa ƙugiya da zaren kamun kifi an datse zaren. A ƙarshe sai da suka kwance ginin duwatsun ɗaya bayan ɗaya, suka tarar da tsutsa mai tsawon kimanin mita ɗaya da santimita 20. Suka raɗa mata suna Barry, suka ba ta tankinta ita kaɗai. A Oktoban 2013 aka sake samun wata mai kimanin mita ɗaya a wani kantin kifi a garin Woking, lokacin da ake kwashe wani tsohon tanki da aka daɗe ana rasa kifi a ciki.

Dalilin da ya sa tarko bai cika kama ta ba shi ne, ba ta barin raminta gaba ɗaya. Ta miƙo gaba ta ɗauki abinci, bayanta na maƙale a dutse, kuma ja da bayanta ya fi hannun mutum sauri. In ka yi sa'a ka cafke ta da hantsaki ka ja, sai ta tsinke, ɓangaren kai ya koma ciki ya sake tsiro da wutsiya. Zuba magani kuwa kisan kan mai uwa da wabi ne: zai kashe tsutsotsi masu amfani da wasu halittun, gawarwaki su ruɓe cikin duwatsu inda ba a iya kwashewa, ruwa ya lalace. Hanya ɗaya ce ta tabbata, ita ce mai ciwo. Ka yi dare da dare kana tsaro har ka gane ramin da take leƙowa. Ka tanadi bokitai da ruwan gishiri, ka sa safar hannu mai kauri, ka fara ɗaga duwatsu daga sama. Kusan kullum a na ƙasa take, babban da ya ɗauki sauran. Ka fitar da shi, ka ɗura ruwan daɗi ko ruwan soda cikin ramukan ko za ta fito. In ta ƙi, sai guduma. A kan dutsen nan kuwa akwai murjanin da ka raina tun yana ɗan yatsa, ya shekara bakwai ko goma yana shimfiɗa gindinsa, ya haɗe da na kusa da shi, ba ya ciruwa sai an fasa. Ƙarar da reshensa ke yi in ya karye a hannunka ba ta fita daga kunne da wuri. Na san mutanen da daga wannan rana suka tattara kaya suka sayar, kuma ban ga laifinsu ba.

Hotuna da bidiyon irin waɗannan ranaku sun yawata a intanet fiye da kima, har wanda bai taɓa ganin tsutsar ba ya shiga tsoronta. A ɗaya ɓangaren kuma doka ta yi ta rufe hanyar dutsen. A Amurka, zuwa 1997 an hana kwasar rayayyen dutse na daji a ruwan da ke kewaye da Florida, sai wanda aka noma, wato a haƙo busasshen dutse a tudu, a zuba shi a wani fili da aka keɓe a ƙasan teku, a bar shi shekaru halittu su cika shi, sannan a tsamo. Fiji, wadda take fitar da ɗaruruwan tan a shekara, ta sanar da hani a Disambar 2017. Indonesiya ta dakatar da fitar da murjani a Mayun 2018, ba ta buɗe wa na noma ƙofa ba sai farkon 2020. Ina goyon bayan hanin kwasar dutsen daji, ba tare da wata-wata ba. Abin da ake sayarwa a matsayin ɓaraguzan da igiyar ruwa ta karya, sau da yawa da sandar ƙarfe ake ɓamɓaro shi, kuma gidan dubban halittu ne da teku ta daɗe tana ginawa. Na san akwai ƙauyukan Fiji da abincinsu ya dogara a kan wannan ciniki, kuma rashinsa ya taɓa su. Duk da haka adon falo bai kai a rushe tudun murjani dominsa ba.

Tsoro da doka suka haɗu suka haifi zamanin busasshen dutse. Ana haƙo shi a tsoffin tuddan murjani da suka zama tudu tun fil azal, ko a ƙera shi da siminti da yashin alli a shafa masa launin shunayya ya yi kama da na teku. Fari fat, ba wari, ba nauyin ruwa, ba tsutsa. Bakteriya kuwa a kwalba ake saye a tsiyaya. Mai farawa a yau yana iya shekara bai ga abin da bai saya da kuɗinsa ba yana motsi a tankinsa, kuma haka aka tallata masa abin, a matsayin kwanciyar hankali.

Kwanciyar hankalin ba ta zo yadda aka zata ba. Dutsen da ba kowa a kansa fili ne, wanda ya riga ya iso shi ke mamayewa, kuma masu rigan isowa ba su ne ake so ba. Watannin farko sai gansakuka kala-kala, mafi muni wani yauƙi ruwan ƙasa mai kumfa, na wasu halittu masu ƙwayar rai guda, da ke lulluɓe yashi da murjani, gubarsa tana kashe dodon koɗi. A tsohon dutse akwai dubban masu takara da ke cinye shi ko su tare masa wuri tun bai kafu ba. A sabo ba mai ce masa kanzil. Sai ga mutane suna sayen ƙananan jatan lande a kwalba, suna roƙon abokai kofi guda na yashin tsohon tanki, har da tsutsotsi masu farin gashi da iyayen gidansu suka yi ta kashewa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Masu cin murjani kuma ba su ƙare ba, hanya suka sake. Yanzu yawancin murjani ba daga teku yake zuwa hannun mai kiwo ba, gutsure ne da ake yankowa daga tankin wani, a manna a kan ɗan faifai, ya wuce hannu zuwa hannu. Wannan ci gaba ne na gaske, ya rage wa teku nauyi. Amma tare da gutsuren nan wata tsutsa ke yawo, shimfiɗaɗɗiya, 'yar milimita kaɗan, mai cin murjanin Acropora, wanda shi ne mafi daraja da wuyar raino. Tana kwanciya a jikin reshe ta ɗauki launinsa, saboda abin da ta ci ne ke bayyana ta cikin fatarta, ka zuba mata ido ba ka gan ta ba. Sai dai ka ga ƙananan tabo zagayayyu inda ta ciza, murjani ya fara koɗewa daga gindi. Kate Rawlinson da abokan aikinta ne suka ba ta suna Amakusaplana acroporae a 2011, kuma daga tankuna suka samo ta. Sai a 2012 aka ba da rahoton ganinta a teku, a tsibirin Lizard na Ostareliya. Masu kiwo sun riga masana haɗuwa da ita. A lissafina asarar da ta jawo ta ninka ta Bobbit nesa ba kusa ba, sai dai ba ta da muƙamuƙin da za a ɗauka a hoto, shi ya sa ba ta shiga jarida.

Yaƙi da ita na haƙuri ne. Duk sabon gutsure a tsoma shi cikin ruwan magani na 'yan mintuna, a fesa masa ruwa, a duba ƙasan kwano a ga abin da ya faɗo. Maganin yana kashe manya amma ba ya taɓa ƙwai, waɗanda take jerawa a dunƙule a kan mataccen ƙashi wajen gindi. Don haka sai an ɗauki gilashin ƙara girma an duba, an kankare, ko a datse gindin da faifan gaba ɗaya a yar. Sannan a killace gutsuren a ƙaramin tanki daban, ana maimaita tsomawa duk mako har makonni da dama, don a tare masu ƙyanƙyashewa kafin su kai ga yin nasu ƙwan. Mai gaggawar ganin sabon kayansa a babban tanki shi ke shigo da ita.

Abin da na lura a 'yan shekarun nan shi ne waɗanda suka daɗe a harkar suna komawa tsakiya. Su gina yawancin tanki da busasshen dutse, su ƙara 'yan guntaye na wanda aka noma a teku don ya shigo da rai. Na Florida yakan zo da tsutsar wuta da ƙaguwa masu ɓarna, don haka ba a jefa shi kai tsaye. Ana ajiye shi a wani mazubi daban na makonni, a kan ragar roba da ta ɗaga shi daga ƙasa, a sa ɗan naman jatan lande nesa da shi da dare, a zauna da jar tocila a ga wa zai fito. Ƙananan guntaye ake zaɓa, waɗanda in ta kama a fasa ba za a yi kuka ba, kuma ba a sa su a gindin gini. Wanda ya ga tsutsa mai farin gashi ya bar ta ta wuce. Wanda ya ga kai mai zaruruwa biyar ya cire wannan guntun tun murjani bai kama shi ba, kuma in yana da wuri da zuciya, ya yi abin da mutanen Newquay suka yi, ya ba ta nata tankin da yashi mai zurfi da murfi mai ƙarfi.